Kafin a Yi Ciniki, Wa Ya Zaɓi Tiyar?

Bara da kaka na raka kawuna kasuwarmu ta mako, a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Riɗi muka ɗora a amalanke, buhu biyu. Tun a gida ya auna abinsa da tiyar da ya shekara da shekaru yana awo da ita, kowane buhu arba'in cif. Da muka isa, mai awo ya shimfiɗa tamfol, ya durƙusa ya fara zubawa, ni kuma ina ƙirgawa a zuci. In ya cika kwano sai ya tare bakin da hannun hagu har riɗin ya yi tozo, sannan ya juye. Buhun farko ya ƙare a 36. Na biyu ma haka.

Na ce, "Kawu, ai huɗu-huɗu sun ɓata."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba su ɓata ba, ɗana, suna cikin kwanon nan. Bana an sake tiya."

Sai da na bincika na ji yadda aka yi. Kafin amfanin gona ya shigo, shugabannin kasuwa sun zauna a rumfa da dillalai da manyan 'yan sari. Suka ce tiyoyi sun yi yawa, kowa da irin tasa, wani ya bubbuge gindin tasa ta yi zurfi, wani ya rage wa tasa baki, kullum sai an yi rigima. Suka yanke a koma kan guda ɗaya. Dalilin nan gaskiya ne, ni ma na sha ganin rigimar da idona. Sai dai wadda aka zaɓa ita ce wadda masu saye ke zuwa da ita, kuma cikin waɗanda suka zauna babu manomi ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa farashi. An biya Kawu kuɗin tiya yadda kasuwa ta kama ranar, ko naira ba a rage masa ba. Amma kashi ɗaya cikin goma na guminsa ya tafi tun ba a buɗe baki an yi tayi ba.

Abin da ya faru a rumfar nan shi ne dai abin da lauyoyi da injiniyoyi suka daɗe suna fama da shi a manyan hukumomin tsara ma'auni na duniya. Girman wurin ne kawai ya bambanta. Layin waya da kake cirewa daga wannan waya ka sa a waccan ya yi aiki, noti da kusar injin ban ruwa da ke shiga juna ko da ba masana'anta ɗaya ta ƙera su ba, kaurin rodi, lambar da ke jikin buhun siminti, duk wasu mutane ne suka zauna a wani ɗaki suka amince cewa haka za a riƙa yi. Hukumar ISO da ke birnin Janiba na ƙasar Siwizalan ta fara aiki a 1947, kowace ƙasa kujera ɗaya gare ta, kuma SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, ce ke riƙe da ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1971. Ta fannin abinci akwai Codex, wadda hukumar abinci da ta lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963.

Ga inda gizo ke saƙa. Dokar hana babakere a kasuwa, a ko'ina take, abin da ta fi ƙi shi ne 'yan kasuwa masu gogayya da juna su kulle ƙofa su haɗa baki. Shi kuwa ma'auni ba ya samuwa sai masu gogayyar nan sun zauna sun haɗa baki a kan abu ɗaya. Doka ta ƙyale zaman ne saboda amfaninsa a fili yake: da babu shi, da kowace waya da irin cajarta, kowane famfo da irin zarensa. Kuma ba za a ce masu ƙera kaya su fita daga ɗakin ba, don su suka san aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya san siminti ciki da waje, galibi a masana'antar siminti yake cin abinci. Ke nan mutumin da ya fi kowa cancantar zama a kwamitin, shi ne kuma wanda hukuncin kwamitin zai fi taɓa aljihunsa. Duk matakan kariyar da aka ƙirƙiro, ƙoƙari ne na a amfana da iliminsa ba tare da an ba kura ajiyar nama ba.

Labarin da ya fi fito da wannan a fili a Amurka ya faru. Akwai wata ƙungiya mai zaman kanta ta rigakafin gobara, NFPA, da ke fitar da kundin ƙa'idojin haɗa wayar lantarki a gine-gine, tana sabunta shi duk shekara uku. Ba gwamnati ba ce, amma jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suna ɗaukar kundin su mayar da shi doka. Kayan da kundin bai amince da su ba, kasuwarsu ta mutu. A lokacin bututun ƙarfe ake zura waya a ciki. Sai kamfanin Indian Head ya zo da bututun roba, irin wanda yau masu wayarin ke binnewa a bangon gidajenmu, ya nemi a sa shi a bugun 1981. Kwamitin ƙwararru ya duba ya amince. Abin da ya rage shi ne babban taron shekara na 1980, inda duk mai katin zama mamba ke da ƙuri'a.

Masu bututun ƙarfe, da kamfanin Allied Tube a kan gaba, suka tattaro mutum 230 suka yankar musu kati. Allied shi kaɗai ya kawo 155: ma'aikatansa, dillalansa, yaran dillalan, har da matar wani daraktan tallace-tallace. An kashe sama da dala 100,000 wajen kuɗin rajista da na tafiya. A cikin zauren, da oba-oba da alamar hannu ake nuna musu inda za su zauna da lokacin da za su jefa ƙuri'a. Kaɗan ne cikinsu ke riƙe da takardun da mutum zai bi ya gane abin da ake magana a kai, kuma ba wanda ya miƙe ya faɗi dalilin da ya sa yake adawa. Aka ƙirga: 394 sun ƙi, 390 sun yarda. Da ƙuri'a huɗu aka kayar da bututun roba.

Da Indian Head ya kai kuka ga shugabannin ƙungiyar, amsar da suka ba shi ita ce an zagaye ƙa'ida amma ba a karya ta ba. A kotu ma masu taya alƙali yanke hukunci sun yarda cewa Allied bai saɓa wata ƙa'idar ƙungiya ba, sun kuma yarda cewa a wani ɓangare da gaske ya ɗauka bututun roba na da haɗari. Duk da haka suka same shi da laifin gurɓata hanyar da ake bi a cimma matsaya. Allied ya kare kansa da cewa tunda kundin kan zama doka, abin da ya yi neman jan hankalin gwamnati ne, wanda kowane ɗan ƙasa ke da 'yancinsa. A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi wannan hujja. Ta ce ɗan kasuwar da ya shiga ƙungiya mai zaman kanta ya sa hannu wajen yanke ma'aunin da zai fitar da abokin gogayyarsa daga kasuwa, ba zai laɓe bayan wancan 'yanci ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a shari'ar nan abu biyu ne, kuma duka biyun na gan su a rumfarmu. Ana iya bin kowace ƙa'ida da ke rubuce a kuma zalunci mutum. Sannan wanda ya yi zaluncin yana iya kasancewa ya yarda da hujjarsa har zuciya. Dillalinmu da ya ce tiya ɗaya ta fi zaman lafiya ba ƙarya yake ba. Son rai ba kullum yake zuwa da fuskar ƙarya ba, sau da yawa yakan zaɓo maka, cikin gaskiya goma, wadda ta dace da aljihunka. Shi ya sa tambayar mutum ko zuciyarsa ɗaya ba ta wadatarwa. Tsarin zaman ake gyarawa.

Gyaran da aka fi dogara da shi shi ne daidaita kujeru. A kwamitocin NFPA yanzu ba a barin rukuni ɗaya, masu ƙera kaya ne ko masu inshora ko masu aikin haɗawa, su wuce kashi ɗaya cikin uku. Mai son jefa ƙuri'a a babban taro kuma sai katinsa ya kai kwana 180, don kada a kwaso mutane da mota ranar zaɓe. A ISO rinjayen ƙuri'a huɗu ba ya zartar da komai: sai kashi biyu cikin uku na ƙasashen da ke aiki a kwamitin sun yarda, kuma masu ƙi ba su wuce rubu'in dukan ƙuri'un ba. Wanda ya ƙi yana kawo dalilinsa na fasaha a rubuce, kwamiti kuma ya amsa masa a rubuce. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta shimfiɗa cewa a ba jama'a aƙalla kwana 60 su yi tsokaci a kan daftarin ma'auni kafin a zartar. Akwai kuma ƙofar ɗaukaka ƙara, gaban mutanen da ba su suka yanke hukuncin farko ba.

Ba wurin rubuta ma'auni kaɗai ake cuta ba, har wurin fassara shi. Shekara shida kafin hukuncin Allied, a 1982, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar wani ƙaramin kamfani, Hydrolevel, da ya ƙera na'urar da ke kashe wutar tukunyar tururi idan ruwa ya yi ƙasa. Mataimakin shugaban ƙaramin kwamitin da ke kula da wannan fanni a ƙungiyar injiniyoyi ta ASME babban jami'i ne a kamfanin da ya mamaye kasuwar. Aka shirya tambaya, aka shirya amsa mai nuna shakku a kan irin na'urar Hydrolevel, amsar ta fito a takarda mai tambarin ƙungiya, 'yan talla suka riƙa nuna wa masu saye. Ƙaramin kamfanin bai farfaɗo ba. ASME ta ce ita ba ta ci ribar komai ba, 'yan sa-kai ne suka yi. Kotu ta ce tunda da sunanta da tambarinta aka yi, alhaki na wuyanta. Hukuncin ya yi daidai a ganina, domin abin da ƙungiya irin wannan ke sayarwa shi ne amincin sunanta, kuma wanda ya ara wa wani hatiminsa dole ya san abin da ake bugawa da shi.

Daga irin waɗannan shari'o'i ne aka samu al'adar da za ka tarar yau a tarukan ƙungiyoyi irin su IEEE, ta injiniyoyin lantarki. Kafin a fara komai shugaba zai karanta gargaɗi: ba maganar farashi a nan, ba rabon kasuwa ko na masu saye, wanda ya ji an shiga irin wannan magana kada ya yi shiru, ya nuna ƙin amincewarsa a fili. Kowa kuma zai faɗi wanda yake yi wa aiki da wanda ya biya masa kuɗin zuwa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsoron ba na banza ba ne. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, sun ƙulla yarjejeniya a Janiba suka tsayar da rayuwar ƙwai a kan awa 1,000, suna cin tarar duk wanda nasa ya wuce haka. Shi ma da rigar ma'auni ya zo.

Ɓangaren da ya fi sarƙaƙiya shi ne na haƙƙin mallakar ƙirƙira. A ce kwamiti na zaɓen hanyar da wayoyi za su riƙa magana da turakun sadarwa. Hanyoyi uku ne a gabansa, duk suna aiki. Wani kamfani a cikin ɗakin ya mallaki haƙƙin ta biyu, ya yi gum. Aka zaɓe ta, duniya ta gina masana'antu a kanta, komawa baya ya zama ba zai yiwu ba. Sai a sannan ya fito da takardarsa ya ce kowa ya biya. Kafin zaɓe haƙƙinsa ɗaya ne cikin uku, bayan zaɓe ya zama ƙofar da babu wata. Irin zargin da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yi wa kamfanin Rambus ke nan a 2002, game da zamansa a ƙungiyar JEDEC mai tsara ma'aunin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ya fice daga cikinta a 1996. Hukumar ta same shi da laifi a 2006, amma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa cewa ba a tabbatar da JEDEC za ta zaɓi wata fasaha dabam ba ko da ya bayyana. Wannan ya nuna wahalar gyara ɓarna bayan ta faru. Maganin da aka fi amfani da shi yana zuwa ne tun farko: mai haƙƙi ya bayyana shi kafin a yi zaɓe, ya kuma yi alkawarin ba kowa izinin amfani a kan kuɗi mai adalci ba tare da fifita wani ba. Alkawarin nan ake kira FRAND, kuma a kansa ETSI, hukumar tsara ma'aunin sadarwa ta Turai, inda aka raini fasahar GSM, take tafiya. Nawa ne "mai adalci", har yau kotuna na ta shari'a a kai. Amma kuɗin yana cikin farashin kowace ƙaramar waya da ke jere a teburin mai caji a kasuwar Gujungu.

A gida ma mun ɗanɗana. A 2014, ana tsakiyar damuwa da rushewar gine-gine, SON ta fito da rabe-raben siminti: mai lamba 32.5 na filasta kawai, 42.5 na bulo da ginshiƙai da dakali, 52.5 na manyan ayyuka irin gadoji. Dangote, wanda ya riga ya koma 42.5, ya goyi baya. Lafarge da wasu suka yi adawa, suna cewa rashin bin ƙa'idar kwaɓi da aikin 'yan-ba-ni-na-iya ne ke rusa gini, ba lambar buhu ba. Magana ta kai gaban Majalisar Wakilai. Kowane ɓangare na da injiniyoyinsa da hujjarsa, kuma kowane hujjarsa ta zo daidai da abin da injinansa ke fitarwa. Mai buga bulo a Ringim ko Ɗambatta, wanda shi zai sayi buhun, labari kawai ya ji a rediyo. A lokacin Najeriya ba ta da cikakkiyar dokar gogayya a kasuwa. Sai a farkon 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta haramta duk wata yarjejeniya tsakanin 'yan kasuwa, ko matsayar ƙungiyarsu, da ke toshe gogayya.

Duk da haka, ina ganin matakan nan gaba ɗaya an gina su ne don kare wanda ke cikin ɗaki daga wanda ke cikin ɗaki. Indian Head na da lauyoyi, Lafarge na da lauyoyi. A takarda akwai kujerar masu amfani da kaya da ta ƙananan masu sana'a, kwamitocin fasaha na SON ma sun tanade ta. Amma zama a kwamiti na cin kuɗin mota zuwa Legas ko Abuja, da masauki, da kwanakin da mutum zai bar aikinsa, da iya karanta daftari mai shafi hamsin cikin Turancin injiniyoyi. Babban kamfani na biyan ma'aikaci albashi don wannan aikin kaɗai. Manomi kuwa in ya tafi, wa zai yanke masa riɗi kafin ya fashe a gona? Ba sai an kwaso mutum 230 ba idan ɗaya ɓangaren ba zai taɓa zuwa ba. Codex ta gane wannan, shi ya sa aka kafa asusu a 2003 don ɗaukar nauyin wakilan ƙasashe matalauta zuwa tarukanta. Irin wannan asusu muke buƙata a cikin gida, na ƙungiyoyin manoma da masu buga bulo da masu gyaran injin ban ruwa, kuma kada kuɗinsa ya fito daga hannun kamfanin da ake tattauna kayansa.

Ba ina cewa duk ma'aunin da ya matse mu makirci ne ba. Da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, saboda maganin ƙwari irin fiya-fiya ne da aka samu a jikinsa fiye da kima, kuma kowa a nan ya san ana zuba shi a buhu kafin a kai Dawanau. Wannan laifinmu ne, waken nan kuma mu muka fi cin sa. Ma'auni mai tsauri da ke kare ciki alheri ne. Abin da ke raba shi da na babakere shi ne a iya nuna hujjarsa a fili, a san su wa suka zauna da wanda ya biya musu, a kuma bar ƙofa ga wanda abin ya shafa ya ce bai yarda ba, a amsa masa.

Bana da damina ta ja baya na koma wajen Kawu. Na same shi a gindin darbejiya yana ɗinke bakin wani tsohon buhu, tsohuwar tiyarsa a kife kusa da shi. Har yanzu da ita yake awo a gida kafin ya tafi kasuwa, don ya san abin da ya fita daga hannunsa. Na ba shi labarin bututun roba da ƙuri'a huɗu, da kashi ɗaya cikin uku, da kwana 60. Ya saurara har na gama. Na ce ina so in rubuta wa shugabannin kasuwa takarda, me yake ganin zan sa a ciki?

Ya ciji zaren ya tsinke shi. Ya ce, "Kada ka cika musu takarda, ɗana. Ka ce in za su sake zama a kan tiya, su sa mai shela ya faɗa tun da saura kasuwa biyu, kuma a yi zaman bayan la'asar, lokacin mun dawo daga gona. Ni da mutum uku daga Unguwar Gabas za mu zo da tiyoyinmu."